Leda, raga ko haɗin biyun: wace rumfar shuka ce ta dace da lokacin da kake hari?

Duk wanda yake shiga kasuwar 'Yan Kaba a Kano, ko yake bin hanyar Zariya ya ratsa Kwanar Gafan, ya san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna ne jibge har bakin titi, manomi yana roƙon mai saye, abin da ya kwana a yanka a shanya. Da an shiga Mayu sai ya yi ɓatan dabo, uwargida ta koma kan kauɗa da na gwangwani, haka za a yi ta lallaɓawa har damina ta yi nisa. Wannan giɓin ne yake jan hankalin mutane zuwa rumfar shuka, wadda ake kira girinhaus: mutum ya samu kaya a lokacin da kowa ba shi da shi. Rumfar da nake magana a kanta ita ce wadda ba ta da injin ɗumamawa ko na sanyayawa. Rana da iska da ruwa da hannun mai ita su kaɗai ke tafiyar da ita.

Wani ƙanena da yake noman rani a wajen Kura ya sayi irin wannan rumfa, ƙarafa masu lanƙwasa da leda rufe ruf tun daga sama har ƙasa, ƙofa ɗaya tal. A watan Afrilu ya kira ni. "Yaya, zo ka gani da idonka, tumatirin nan ya yi kore shar amma ya ƙi ɗaukar 'ya'ya." Na isa da azahar. Ina ɗaga ledar ƙofa wani tururi ya buge ni a fuska, kafin in kai tsakiyar rumfar rigata ta manne da bayana. Ma'aunin zafin da na rataya a jikin ƙarfe ya haura digiri 45. Da na sunkuya ƙarƙashin shukar, furanni ne rawaya zube a ƙasa kamar an barbaɗa su. Na ce masa, "Ƙanena, takinka da ruwanka ba su da laifi. An sayar maka da rigar sanyi ne a tsakiyar bazara."

An ƙirƙiro rumfar leda ne domin a tara zafi. A arewacin Sin, musamman Shouguang da ke lardin Shandong, inda abin ya bunƙasa tun daga 1989, suna gina katanga mai kauri ta ɓangaren arewa, su shimfiɗa leda ta kudu, da yamma su saukar da tabarmi ko barguna a kanta. Katangar ta sha rana da yini, ta sako ɗumi da dare, su noma kokwamba alhali ruwa yana daskarewa a waje. Dabara ce mai ban sha'awa, amma maganin cutarsu ce. Waɗanda suka fi kusa da halinmu su ne manoman Almeriya a kudancin Sifaniya, masu rumfunan leda sama da hekta 30,000, akasari ba injin ɗumamawa. Su da zafi ya taso sukan shafe rufin da farar ƙasa don a rage rana, su buɗe gefe da sama, kuma da yawansu sukan dakatar da noma a tsakiyar zafin shekara, su bar rana ta gasa musu ƙasa. Mai shirin kafa rumfa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya fi kyau ya dubi waɗannan.

Kafin a kwatanta rumfuna, sai an san abin da shukar take so. Tumatir yana jin daɗi da rana tsakanin digiri 21 zuwa 29, da dare kuma 15 zuwa 20. Idan zafin rana ya daɗe sama da 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 ko 23, ƙurar furen, wato garin nan da ke sa fure ya ƙulla ɗa, takan mutu, furen ya kakkaɓe. Wanda ya samu ya ƙulla ma ba ya yin ja sosai, domin sinadarin da ke ba shi launi ba ya haɗuwa da kyau a zafin da ya wuce 30, sai ka ga ya nuna ruwan lemo. Idan dare ya yi ƙasa da 13 nan ma ƙullin yana raguwa. Danshin iska kuwa, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 shi ne daidai. Ya haura 85 ya zauna, funfuna ta samu gida. Ya faɗi ƙasa ainun, furen ya bushe, jan gizo-gizon nan ƙanana su mamaye bayan ganye. Tattasai da attarugu kusan haka suke, kokwamba ta fi su jure danshi, latas kuwa ya fi kowa gudun zafi.

Yanzu ka ɗora wannan a kan shekararmu. A Kano zafin Afrilu yana kai wa 38 zuwa 40 a inuwa, Sakkwato ta fi haka. A Agusta zafi ya sauka, amma iska ta cika da laima, ruwa yana dukan shuka kusan kullum. A Disamba da Janairu dare yana sauka wajen 13, danshi kuma ya faɗi ƙasa da kashi 20 idan hunturu ya kankama. Abokan gaba uku ne ke nan daban-daban, kuma babu rumfa ɗaya da ta fi ƙarfin dukkansu. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo neman shawara ita ce: wane wata kake son kai kaya kasuwa? Daga amsarsa ake gane rumfarsa.

Rumfar leda zalla, irin ta ƙanena, alherinta biyu ne: tana tare ruwan sama, tana kuma ƙara ɗumi da rana. Ledar kirki ita ce mai kaurin maikiron 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) da aka sa wa maganin rana, wadda takan yi kamar shekara uku. Ledar shimfiɗa ta kasuwa ba ta kai ƙarshen shekara, rana za ta dafa ta ta riƙa marmashewa a hannu. Amma a ƙasa mai zafi, rumfar da aka rufe ruf tana iya ɗara waje da digiri 10 ko fiye da tsakar rana. Kuma akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: leda ta gama-gari ba ta riƙe zafi da dare. Ɗumin da ƙasa take fitarwa yana ratsa ta ya wuce, har ma a daren da sama ta washe, ba iska, cikin rumfar kan yi sanyi daidai da waje, wani lokaci ya ɗan fi. Wato da rana ta gasa maka shuka, da asuba kuma ba ta kare ta ba, sai dai in ledar mai riƙe ɗumi ce ta musamman. Wurin da wannan rumfa take da hujja a wajenmu shi ne tudu mai sanyi irin na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko lambunan tsaunukan Ayar a arewacin Agadas inda dare kan kusanci daskarewa. Ko a can sai an yi mata gefen da ake naɗewa.

Rumfar raga ita ce kishiyarta, kuma iri biyu ce da mutane ke yawan gwamutsawa. Akwai ragar inuwa, baƙa ko koriya, wadda aikinta rage hasken rana. Ta kashi 30 zuwa 50 ita ce ta dace da kayan lambu, idan ta wuce haka tumatir ya miƙe zalau-zalau ya rage 'ya'ya. Wannan ba ta hana ƙwari shiga. Akwai kuma farar raga mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wadda ake auna ta da yawan idanu a inci ɗaya. Mai lamba 50 ita ake amfani da ita don tare farin ƙuda, mai yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya koma rawaya. Tana kuma tare malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon, wadda a 2016 ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wanda ya ga abin da ya faru a shekarar ba zai raina darajar raga ba.

Sai dai ita ma da kuɗinta. Gwargwadon ƙanƙantar idon raga, gwargwadon yadda take toshe iska. Rumfar da aka lulluɓe da mai lamba 50 takan ɗan fi waje zafi a ranar da iska ta tsaya, kuma ƙurar hunturu tana liƙe idanun har sai an wanke su da ruwa da burushi mai laushi. Babbar kasawarta kuwa a damina take: ruwa yana ratsa ta. Yana sauka a hankali, ba ya dukan fure da ƙarfi kamar a fili, amma ganye yana jiƙewa, ƙasa tana cika, cututtukan ganye suna tashi. Wanda burinsa tumatirin Yuli da Agusta ne, raga zalla ba za ta kai shi ba.

Ta ukun ita ce haɗin biyu: rufin leda, bangon raga ta ko'ina, da wata kafa doguwa a ƙololuwar rufin wadda ita ma aka sa mata raga. Wannan kafar ta sama ita ce ran rumfar, kuma ita ake fara yankewa idan ana son rage kuɗi. Iska mai zafi sama take tashi. Idan ta samu mafita a can, sai ta jawo mai sanyi ta gefe, rumfar ta riƙa numfashi da kanta ko da ba a kaɗa iska a waje. Idan babu kafar, zafin ya taru a ƙarƙashin leda ya sauko kan shuka. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce jimillar wuraren shigar iska kada ta gaza kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar rumfar, kuma da yake raga tana cin wani kaso, a zafi irin namu gara a wuce haka nesa. Tsayi ma yana da nasa: gefen da ya kai mita 3 zuwa 4 yana nisanta zafi daga kan shuka, gajeriyar rumfa kuwa tanda ce. Kada kuma faɗin ya yi yawa, domin iskar gefe ba ta isa tsakiyar rumfa mai faɗin gaske.

A damina wannan haɗin ba shi da na biyu, kuma a nan ne kuɗin yake. Amma rufi kaɗai ba ya gama aikin, saboda danshi daga ciki ma yake fitowa. Ga lissafin da ya kamata mai rumfa ya haddace: iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kusan giram 30 a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi, amma a digiri 20 giram 17 kawai take iya riƙewa. Da rana shuka tana ta fitar da ruwa ta ganye, iska tana kwashewa. Dare ya yi, iska ta huce, sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta a jikin leda da ganye. Shiga rumfa bayan sallar asuba ka ɗaga kai, za ka ga ɗigo jere a ƙarƙashin leda kamar zufa, suna ɗiga kan shuka ɗaya bayan ɗaya. Ganyen da ya kwana a jiƙe na sa'o'i shi ne ƙofar funfuna: ɗigo rawaya a saman ganye, a bayansa wani gashi-gashi mai launin toka ko ƙasa-ƙasa.

Maganin wannan ba ya cikin kwalba. A yi ban ruwa da safe, ta bututun ɗigo a gindin shuka, kada a yi da yamma, kada kuma a watsa ta sama. A rufe ƙasa da leda ko busasshiyar ciyawa don kada ta riƙa turo laima. A cire ganyen ƙasa da suka tsufa har zuwa gungun 'ya'yan farko, yadda idan ka tsuguna za ka hango ƙarshen layi. A ba shuka tazara, ko da zuciya tana raya maka cewa ƙarin tushe ƙarin kuɗi ne. Cunkoso a damina asara ce. Rufin ya zama mai gangara sosai yadda raɓa za ta bi jikin leda ta sauka gefe, kuma in da hali a sayi ledar da aka sa wa maganin hana ɗigo. Sannan kada a rufe gefe da dare a damina don tausayin shuka. Ba sanyi take ji ba, iska take nema.

Bazara ita ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan dole in faɗi gaskiya: babu rumfar da ba ta da inji da za ta mai da Afrilun Sakkwato ya zama Janairu. Iyakar abin da buɗe gefe zai yi shi ne ya daidaita ciki da waje, kuma wajen ma 40 ne. Abu biyu ne suke iya sassauta wa shuka wannan zafin. Na farko inuwa, kuma inuwar da aka yi a saman rufi daga waje, da ɗan rata tsakani, ta fi wadda aka rataya a ciki, domin tana tare rana tun kafin ta shiga. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi irin ta Almeriya, ya dama farar ƙasa da ruwa-ruwa ya fesa wa rufin, ruwan farko ya wanke masa. Na biyu ruwa, kuma dabarar randa ce: ruwan da ke ƙafewa yana tafiya da zafi. A Maris da Afrilu, da iska take a bushe, jiƙa hanyoyin cikin rumfa da tsakar rana, ko rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa, yana rage zafi da 'yan digirori, ya kuma ɗaga danshin da ya faɗi. Da iska ta juya ta fara kawo laima a Mayu da Yuni, dabarar ta daina aiki, kamar yadda ruwan randa ba ya sanyi sosai a Agusta. A wannan lokacin ragar inuwa zalla, wadda ita ce mafi arha cikin ukun, takan fi rufin leda sanyi. Wanda ya nace sai ya noma a bazara, ya nemi irin da aka san shi da jure zafi, ko ya koma kan kokwamba.

Ni dai da za a bi tawa, mai rumfar haɗi ya bar Afrilu ya zama watan hutun rumfa. Ya tuge tsohuwar shuka, ya jiƙa ƙasa sosai, ya shimfiɗa farar leda mai nuna ciki a kanta, ya rufe ko'ina na mako huɗu zuwa shida. Zafin da yake kashe fure shi zai rage masa tsutsar saiwa da ƙwayoyin cutar da ke taruwa a ƙasar da ake maimaita tumatir a kanta. A wannan tsakanin yana renon iri a ƙarƙashin ragar inuwa, ya dasa a Mayu ko farkon Yuni, furen ya buɗe lokacin da ruwa ya kwantar da zafi, ya fara tsinka a tsakiyar damina.

Hunturu ba ya bukatar dogon bayani a yawancin ƙasar Hausa, tunda shi ne lokacin da tumatir yake yi a fili ba tare da rumfa ba. Inda sanyin dare yake cutarwa, kamar Jos ko wurin renon iri, a sa labulen leda a gefe, a sauke shi bayan la'asar tun ɗumin yini bai gudu ba, a naɗe shi da hantsi. Zana ko asabari a kan ƙaramar rumfa da dare yana yin aikin da bargon Sinawa yake yi. Duro mai cin lita 200 da aka shafa wa baƙin fenti aka cika da ruwa, idan ya huce da digiri 5 cikin dare, ɗumin da ya sako ya kai kusan na ƙwan lantarki mai wat 100 da ya kwana a kunne. A ƙaramar rumfar reno ana ganin amfaninsa, a babba kuwa sai an jera da yawa kafin a ji bambanci. Abin da aka fi mantawa da shi a hunturu shi ne ƙura: tana kwanciya a kan leda ta rage haske, don haka a riƙa wanke rufin.

Akwai wahalhalu biyu da duk rumfar da aka killace take jawowa. Ƙudan zuma ba ya shiga, iska kuma ba ta girgiza fure, saboda haka sai mai rumfa ya bi layi da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, yana bubbuga igiyar da aka ɗaure tumatir da ita don ƙurar fure ta zuba. Ƙofa kuma ta zama biyu da ɗan zaure a tsakani, kada a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, domin ƙwaron da ya samu shiga ya shiga inda babu mai cinsa. Ga kuma iskar farkon damina, wadda take zuwa gaban hadari da ƙura. Ita ce take kwashe rumfunan da aka kafa da ganganci. Leda tana kama iska kamar tanti, raga tana barinta ta wuce, don haka duk mai rufin leda ya zuba wa ƙafafun ƙarfensa kankare, ya ja ledar ta yi tsam, ya bi ta sama da igiya.

Ta fuskar kuɗi jerin a bayyane yake: ragar inuwa a kan gora ko azara ita ce ƙasa, ragar ƙwari tana biye, rumfar haɗi mai tsayi da kafar sama ita ce sama. Mai harin damina ya yi haƙuri ya tara kuɗin ta haɗin, ko ya yi ƙarama mai kyau maimakon babba maras numfashi. Mai son tsawaita noman raninsa zuwa ƙarshen Maris da Afrilu, ko mai renon iri yana sayarwa, ragar inuwa ta ishe shi. Wanda farin ƙuda da Sharon suka fi damu a rani, ragar ƙwari. Leda rufe ruf sai mutanen tudu.

Kowacce aka zaɓa, a haɗa da ɗan ma'aunin nan mai batir da yake nuna zafi da danshi, yake kuma riƙe mafi girma da mafi ƙanƙanta na yini. A rataya shi daidai kan shuka, a inuwa, a duba shi da asuba da azahar a rubuta a littafi. Ƙanena bai sayi sabuwar rumfa ba. Ya yanke ledar gefe daga ƙasa zuwa inda ƙarfe ya fara lanƙwasa ya sa raga, ya kira mai walda ya ɗaga masa ɓangare ɗaya na rufin aka samu kafa, ya fesa farar ƙasa. Gajartar rumfar dai tana nan, don haka har yanzu ba ya taɓa tumatir a cikinta a Afrilu, amma a Agustan da ya biyo baya ya aiko mini da kwando guda, ya ce sauran sun tafi 'Yan Kaba.